Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Salo, Isnadi da Neman Marubucin Manhaja

Gabatarwa

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, abokin zamana a ɗaki ya kusa rasa sakamakon aikinsa na kammala digiri saboda aikin ya cika tsabta. Shi ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ni kuwa na adabi. Manhajar da ya rubuta 'yar ƙarama ce, ta lissafin kaya da ciniki a kantin maganin kawunsa. A gabana ya shafe watanni yana fama da ita, wani lokaci har kiran assalatu. Da ya miƙa ta, sai ɗaya daga cikin malaman da ke dubawa ya ce bai yarda hannun ɗalibi ne ya yi ta ba. Sunayen da aka laƙaba wa sassanta sun yi tsari, bayanan da ke gefen layuka an rubuta su da Ingilishi marar tangarɗa, kuma babu kwamacalar da aka saba gani a aikin masu koyo. Hukuncinsa shi ne ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin hujjar da malamin ya kafa. Bai kama ɗalibin yana kwafa ba, bai kuma sami shaidar da ta gani da ido ba. Ya karanta matani, ya dubi salo, ya yanke hukunci a kan marubuci. Wannan kuwa sana'armu ce, mu masu nazarin adabi, aka ɗauka aka kai wani fage. Tunda da kayan aikinmu ake yanke wa mutane hukunci, wajibi ne mu tambayi kanmu ko kayan suna da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi.

Wannan maƙala za ta auna hanyoyi uku da ake bi wajen rarrabe manhajar da mutum ya rubuta da wadda na'ura ta samar: duban salo, bin tarihin aikin, da tuhumar wanda ya kawo shi. Ra'ayina shi ne ta farko ta fi kowacce rauni ko da yake ita aka fi dogara da ita, ta biyu tana da amfani amma ana iya yi mata jabu, ta uku kuwa ita ce ke amsa tambayar da a zahiri take damun mutane.

Manhaja a matsayin matani

Mai karatu na iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Amsar ita ce manhaja rubutu ce. Kafin ta zama abin da ake latsawa a waya, jerin layuka ce da wani ya tsara cikin harshe mai nahawunsa da ƙa'idojinsa, irin su C ko Python. Layukan suna da masu karatu biyu. Na farko ita ce na'urar da za ta aiwatar da umarnin, wadda ba ruwanta da daɗin zance. Na biyu shi ne mutumin da zai zo gyara bayan wata shida ko shekara goma, wanda dole ya fahimci nufin wanda ya gabace shi. A 1984 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya yi kira da a ɗauki rubutun manhaja tamkar aikin adabi, marubuci ya fi mai da hankali ga bayyana wa ɗan'adam abin da yake so kwamfuta ta yi.

Wurin da muryar marubuci ta fi fitowa shi ne bayanin gefe, wato kalaman da ake sakawa tsakanin layuka waɗanda na'ura ke tsallakewa, kamar yadda almajiri ke rubuta ƙarin haske a gefen shafin littafinsa. Matanin manhajar da ta sauke kumbon Apollo 11 a kan wata a 1969, wanda aka ɗora a GitHub a 2016, cike yake da irin waɗannan. A wani wuri cikin sashen sauka, marubucin ya rubuta cewa gyaran da ya yi na wucin gadi ne, ya kuma maimaita fatansa a kan haka har sau uku. Gyaran bai gushe ba, da shi aka je wata. Duk wanda ya karanta wannan layi zai ji mutum a bayansa: gajiyayye, mai shakka, wanda lokaci ya ƙure masa. Daga irin wannan ne aka gina zaton cewa rubutun mutum yana da wani ƙamshi da ake iya shaƙa, kuma rashin ƙamshin shaida ce ta na'ura.

Awon salo da sharaɗinsa

Gane marubuci daga salonsa ba camfi ba ne, ilimi ne mai tarihi. Tsakanin 1787 da 1788 an buga maƙaloli 85 a Amurka don goyon bayan sabon tsarin mulki, duka da sunan aro na Publius. Daga baya aka yi saɓani a kan 12 daga cikinsu, ko Alexander Hamilton ne ya rubuta ko James Madison. A 1964 Frederick Mosteller da David Wallace suka warware matsalar ta hanyar ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ke zubawa ba tare da ya lura ba. Wata kalma mai ma'anar "a kan", alal misali, Hamilton yana yawan amfani da ita, Madison kuwa da ƙyar. Lissafin ya ba Madison maƙalolin. A 2013 irin wannan awo ya taimaka wajen tabbatar da cewa J. K. Rowling ce ke rubutu da sunan Robert Galbraith. An kuma gwada hanyar a kan manhaja: a 2015 Aylin Caliskan da abokan bincikenta suka nuna cewa ana iya gane marubuta daga cikin ɗaruruwan mahalarta gasar Google Code Jam, da dacewar da ta haura kashi 90 cikin ɗari, ta duban yadda kowa ke gina tsarin umarninsa.

Sai dai duk waɗannan nasarori suna da sharaɗi ɗaya. Akwai sanannun mutanen da ake zargi, kuma akwai tabbataccen rubutun kowannensu da za a gwama da shi. An gane Madison ne domin Madison mutum ɗaya ne, mai ɗabi'ar da ba ya iya tuɓewa ko da ya so. Ƙirƙirarriyar basira ba haka take ba. An horar da ita da ɗimbin rubutun manhajar da mutane suka wallafa a fili, saboda haka abin da ake kira salonta matsakaicin salon jama'a ne. Bugu da ƙari, salon ba ya zama wuri ɗaya. Jimla guda ta umarni ta isa ta sa ta rage bayani, ta gajarta sunaye, ko ta kwaikwayi rubutun mai gaggawa. Kowane sabon samfuri da kamfanoni suka fitar yana zuwa da nasa ɗabi'un. Mai awon salo a nan yana kama da mai bin sawu a kasuwa ranar da ta cika, inda kowace ƙafa ta taka ta wata.

Alamomin da ake lissafawa

Masu duba manhaja sun tara alamomin da suke cewa suna fallasa aikin na'ura. Akwai bayanin gefe da ke maimaita abin da layi ya riga ya faɗa ƙarara. Akwai doguwar takardar gabatarwa mai ado da alkawura, alhali abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Akwai aiki ɗaya da aka rubuta sau biyu a wurare daban-daban kamar marubucin ya manta ya riga ya yi. Akwai gwaje-gwajen da aka tsara su ta yadda ba za su taɓa faɗuwa ba. Akwai kuma daidaito na bai-ɗaya, inda sashe mai wuya da sashe mai sauƙi suka sami kulawa iri guda, saɓanin mutum da yakan yi dogon bayani a inda ya sha wahala, ya wuce da sauri a inda bai sha ba.

Ba na musun cewa waɗannan alamomi suna yawan bayyana a aikin na'ura. Abin da nake musu shi ne su zama hujjar yanke hukunci. Kusan kowacce daga cikinsu ɗabi'a ce ta mai koyo. Ɗalibin da aka ce masa ya riƙa yin bayani zai bayyana har abin da ba ya buƙatar bayani, don tsoron a ce ya yi sakaci. Tsabtar tsari kuwa ta daɗe da daina zama shaidar komai, domin akwai kayan aiki irin su gofmt da Prettier waɗanda ke daidaita shimfiɗar layuka kai tsaye, har rubutun mutum ɗari ya fito kamar na mutum ɗaya. Tun kafin zuwan ƙirƙirarriyar basira masu sana'ar suke ƙoƙarin shafe salon ɗaiɗaiku da gangan, don aikin haɗin gwiwa ya karantu.

Akasin haka ma ya faru. A matanin wasan Quake III Arena, wanda aka saki ga jama'a a 2005, akwai wani ɗan gajeren sashe na lissafi da ya shahara saboda wata lamba mai ban al'ajabi da ke cikinsa, da kuma bayanin gefe inda wani marubuci ya nuna mamakinsa da kalmar ashar. Da wuya a sami layin da ya fi wannan ƙamshin ɗan'adam. A 2021, kwanaki kaɗan bayan fitowar GitHub Copilot, aka nuna na'urar tana fitar da sashen kusan kalma da kalma, har da ashar ɗin. Mamakin da wani mutum ya yi shekaru da suka wuce ya zama abin da na'ura ke iya furtawa ba tare da ta yi mamakin komai ba. Kama da wane ba ta wane.

Na'urorin da aka ƙera don gano rubutun na'ura ba su fid da mu kunya ba. Kamfanin OpenAI ya fitar da nasa a Janairun 2023, ya bayyana da kansa cewa yana gane kashi 26 cikin ɗari ne kawai na rubutun na'ura, yana kuma yi wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane ƙazafi. A Yulin shekarar ya janye shi saboda rashin inganci. A shekarar dai, masu bincike a Stanford suka gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a kan rubutun jarrabawar Ingilishi na waɗanda ba harshen uwarsu ba ne, sai aka ga fiye da rabin rubutun an jingina shi ga na'ura, alhali rubutun ɗaliban Amurka kusan duka ya tsira. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi harshe a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su, kuma wannan taka-tsantsan shi ne na'urar ke fassarawa da rashin rai. Waɗannan alƙaluma na rubutun zube ne. Amma harshen manhaja ya fi harshen mutane ƙarancin kalmomi da tsananin ƙa'ida, don haka ban ga dalilin da zai sa ganowar ta fi sauƙi a can ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda kuskuren ke faɗa wa. Yakan faɗa wa mai koyo, da baƙon harshe, da wanda ba shi da sunan da zai kare shi.

Alama ɗaya ce na ga tana da nauyi, ita ce ambaton abin da babu shi. Na'ura takan kira wani ƙunshin manhaja da ba a taɓa rubutawa ba, da cikakkiyar natsuwa. Wani mai binciken tsaro, Bar Lanyado, ya lura na'urori suna yawan ba da shawarar wani ƙunshi mai suna huggingface-cli wanda babu shi a ma'ajiyar Python. Sai ya yi rajistar sunan, ya ɗora fanko, kuma cikin wata uku aka sauke shi dubban sau. Da mugu ne ya riga shi, da guba aka sauke. Haka nan Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin da ke jagorantar curl, manhajar da ke cikin biliyoyin na'urori, ya fara kokawa a fili tun Janairun 2024 kan rahotannin ɓarakar tsaro da ake turo masa cikin lafazi mai ladabi da tsari mai kyau, waɗanda idan aka bincika sai a tarar ɓarakar babu ita, wani lokaci ma sassan da aka ambata babu su a cikin curl. Kyan ɗan maciji ke nan. Sai dai a lura, wannan alama ba ta salo ba ce. Ba a gane ta da jin daɗin karatu, sai an tashi an je an duba ko abin da aka faɗa yana nan.

Tarihin aiki da isnadinsa

Hanya ta biyu ta bar fuskar matani ta koma ga yadda ya samu. A nan masu manhaja sun fi masu adabi sa'a. Mu sai mun yi dace muke samun daftarin farko na marubuci, su kuwa Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana adana kowane gyara da sunan mai shi da lokacinsa da dalilin da ya bayar. Aikin da mutane suka raina yakan nuna tabonsa a wannan kundi: hanyar da aka bi aka fasa, gyaran da aka warware bayan kwana biyu, gardama a kan suna, dogon shiru lokacin da rayuwa ta sha gaban mai aikin. Manhaja mai layi dubu goma da ta bayyana dare ɗaya, cikakkiya, ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba, ta cancanci a yi mata tambaya.

Wannan shaida ta fi ta salo ƙarfi, amma tana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, ana iya ƙera ta. Git yana barin mutum ya sa kwanan watan da ya ga dama, ya dunƙule gyare-gyare ɗari su zama ɗaya, ko ya yayyanka aiki ɗaya ya zama ɗari. Mai gaskiya da ya yi aikinsa a ɓoye ya ɗora shi gaba ɗaya zai yi kama da mai laifi, mai wayo kuwa zai yi kama da mai haƙuri. Ta biyu ta fi tsanani. A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya sanar da cewa ya gano ɓarauniyar hanya a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da tsarin Linux da yawa ke dogara da ita. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura na daga cikin abin da ya sa ya fara bincike. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa mai amfani har aka amince masa ya zama ɗaya daga cikin masu kula da aikin. Tarihinsa yana da duk abin da ake nema a tarihin ɗan'adam: haƙuri, tafiya sannu a hankali, hulɗa da jama'a. Da tambayarmu ita ce ko mutum ne ya rubuta, da ya ci jarrabawar.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma hanyar tantancewarsu kawai nake aro, ba darajar abin da suke tantancewa ba. Ba su wadatu da kyan matani ba, ba su kuma wadatu da haɗuwar isnadi ba, sai sun binciki kowane mai ruwaya, gaskiyarsa da ƙarfin kiyayewarsa. Masu Linux sun isa ga wani abu mai kama da haka ta hanyar wahala. Bayan ƙarar da kamfanin SCO ya shigar a 2003 yana da'awar an saka mallakarsa a cikin Linux, sai a 2004 aka kafa ƙa'idar cewa duk mai kawo gyara ya sa hannu da sunansa, yana shaida cewa yana da haƙƙin miƙa abin da ya kawo, kuma duk wanda gyaran ya bi ta hannunsa ya ƙara nasa sunan. Marubuta waƙoƙinmu na ajami ma sukan ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, su sa ramzin shekara. Sa hannu irin wannan ba ya tabbatar da cewa kowace kalma daga ƙwaƙwalwar mai sunan ta fito. Abin da yake yi shi ne nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan magana ta tashi.

Daga "wa ya rubuta" zuwa "wa zai amsa"

Ɗaliban adabi sun san muhawarar da Roland Barthes ya tayar a 1967 da ya shelanta mutuwar marubuci, yana ganin kowane matani saƙa ce ta maganganun da suka gabace shi. Ƙirƙirarriyar basira kamar an ƙera ta ne don ta gaskata shi, domin ita saƙa ce zalla ba tare da masaƙi ba. Amma amsar Michel Foucault ta 1969 ta fi amfani a nan. Ya lura cewa rubuce-rubuce sun fara samun marubuta na haƙiƙa ne a lokacin da ya zamana ana iya hukunta wani saboda su. Sunan marubuci, a wannan fahimta, wurin ajiye alhaki ne. Waƙa tana iya rayuwa ba tare da an san mai ita ba, kuma ba wanda zai cutu. Manhajar da ke lissafin magani ko kuɗin mutane ba ta da wannan gata.

Aro kansa bai taɓa kore marubuci ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama na *Magana Jari Ce* daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, amma ya san dalilin kowane sauyi da ya yi musu har suka zauna daram a ƙasar Hausa, kuma littafin nasa ne. Masu manhaja ma kullum cikin aro suke, kuma tun fitowar FORTRAN a 1957 na'ura ce ke juya abin da suka rubuta zuwa harshen da kwamfuta ke ji. A Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon rubutun manhajar kamfanin na'ura ce ke samarwa, sannan injiniyoyi su duba su karɓa. Idan haka ne, raba ayyuka gida biyu, na mutum da na na'ura, ya riga ya saɓa wa yadda ake aikin. Mafi yawansu gauraye ne, layi da layi.

Wanda ya fi kowa bayyana abin da ya rage wa mutum shi ne Peter Naur, masanin ƙasar Denmak, a wata maƙala ta 1985. A ganinsa ainihin manhaja fahimta ce da ke cikin kan waɗanda suka gina ta: yadda sassanta suka dace da al'amuran duniya da take yi wa hidima, dalilin da ya sa aka zaɓi wannan hanya, da yadda za a sauya ta ba tare da ta rushe ba. Layukan da aka rubuta inuwar wannan fahimta ce kawai. Idan masu fahimtar suka watse, manhajar ta mutu ko da tana ci gaba da aiki. Da wannan ma'auni, abin da Andrej Karpathy ya siffanta a Fabrairun 2025, wato mutum ya riƙa karɓar duk abin da na'ura ta rubuta ba tare da ya karanta ba, yana haifar da manhajar da aka haifa a mace. Shi kansa ya ce hanyar ta dace ne da ƙananan ayyukan gwaji na ƙarshen mako. Matsalar tana farawa ne idan aka miƙa wa wasu irin wannan aiki a matsayin abin dogaro.

Manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja sun rabu a kan mafita. Gentoo ta haramta gudummawar da aka samar da ƙirƙirarriyar basira a Afrilun 2024, bisa dalilan haƙƙin mallaka da inganci da ɗa'a. NetBSD ta bi baya a Mayu, ta ce za a ɗauki irin wannan rubutu a matsayin gurɓatacce sai an sami izini. QEMU ta ƙi karɓa a 2025 saboda mai kawowa ba zai iya rantsuwa a kan asalin abin da ya kawo ba. Fedora kuwa a shekarar ta yarda, da sharaɗin mai kawowa ya bayyana kuma ya ɗauki alhaki. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da ta dogara da na'urar ganowa. Masu haramtawa da masu halattawa duka sun koma ga maganar mutum da amanarsa. Labarin curl ma ya ƙara haske: a 2025 Stenberg ya yaba wa wani mai bincike da ya kawo jerin kurakurai na gaske da ya gano da taimakon kayan aiki masu ƙirƙirarriyar basira. Bambancinsa da masu turo shirme shi ne ya tace abin da ya samu kafin ya kawo. Su kuwa sun kashe minti biyar wajen samarwa, suka bar wa 'yan sa-kai sa'o'i na ƙaryatawa. Laifin da ake kuka da shi ke nan, tura wa wani wahalar da kai ya kamata ka sha.

Za a iya yi mini raddi da cewa na'ura ma tana amsa tambaya, kuma malalaci zai iya haddace bayaninta. Gaskiya ne, idan tambayar ita ce me wannan layi yake yi. Amma akwai tambayoyin da amsarsu ba ta cikin matani: wace hanya ka gwada ka fasa, me ya faru da ka kai aikin ga masu amfani da shi, ina kake tsoron zai karye. Akwai kuma jarrabawar da ta fi tambaya, wato a ce mutum ya sauya wani abu nan take a ga inda hannunsa zai nufa. Raddi na biyu ya fi ƙarfi: wannan hanya tana cin lokaci, kuma malami mai ɗalibai ɗari biyu ko mai kula da manhaja shi kaɗai ba shi da lokacin. Ban da amsar da za ta share wannan. Abin da zan ce kawai shi ne arhar duban salo ba ta rage kuɗin ba, ta mayar da shi ne kan wanda aka zarga bisa kuskure.

Kammalawa

Ranar kare aiki, wata malama a cikin kwamitin ba ta ce komai a kan salo ba. Ta tambayi abokina dalilin da ya sa manhajarsa ke adana kowane ciniki nan take, maimakon ta tara su ta adana a dunƙule, wanda ya fi sauƙin rubutawa. Ya ce da farko haka ya yi, sai wata ranar kasuwa aka ɗauke wuta da la'asar, cinikin yini guda ya ɓace, kawunsa ya koma ga littafinsa na takarda ya ƙi taɓa kwamfutar har mako biyu. Ta ce ya ƙara gargaɗin maganin da ya kusa lalacewa. Ya buɗe sashen da ya dace ba tare da lalube ba, ya yi kuskure ɗaya, ya gano shi da kansa, ya gyara. Aka ba shi sakamakonsa.

Daga baya ya gaya mini abin da ba a tambaye shi ba. Ya yi amfani da ChatGPT a wuri biyu: ta gyara masa Ingilishin bayanan gefe, ta kuma nuna masa kuskuren da ya yi wajen lissafin kwanan wata. Ashe malamin farko bai yi kuskure a abin da ya shaƙa ba, hannun na'ura ya taɓa fuskar aikin. Kuskurensa shi ne ɗaukar fuska a matsayin marubuci. Da abokina ya faɗi haka tun farko da ya fi masa, kuma da tsarin ya ba da wurin faɗa ba tare da tsoro ba da ya faɗa. Mu masu nazarin matani muna da abin bayarwa a wannan muhawara, amma sai mun fara da faɗin iyakar sana'armu: salo yana iya tayar da tambaya, ba ya iya rufe ta. Manhajar tana nan tana aiki a kantin, kuma duk ranar da ta tsaya, kawun ya san lambar da zai kira.